Mudu Ɗaya Ake Awo Da Shi: Gardamar Launin Fata A Labaran Almara

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai, a daren muhawara kan adabi)



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau wata gardama ce da ta daɗe tana ci a Turai da Amurka tsakanin ma'abota littattafan almara, watau labaran nan na matsafa da dodanni masu aman wuta da sarakunan ƙasashen da babu su a taswira. Tushen gardamar shi ne: idan aka mai da littafi fim ko wasan kwaikwayo, sa'an nan aka ba baƙar fata matsayin da masu karatu suka saba hangowa a zuci da farar fata, shin an ci amanar marubuci ko ba a ci ba? Kada wani ya ce wannan faɗan gidan wasu ne. Mu ma muna kallon finafinan nan, kuma fatar da ake jayayya a kanta irin tamu ce.

Bari mu fara da inda ƙura ta fi tashi. Baturen Ingila J.R.R. Tolkien, shaihin malami a Jami'ar Oxford, ya fitar da littafinsa The Lord of the Rings a juzu'i 3 tsakanin 1954 da 1955. A 2017 kamfanin Amazon ya sayi izinin yin wasan talabijin daga labarin a kan kuɗi wajen dala miliyan 250, aka fara nuna shi a watan Satumba na 2022 da sunan The Rings of Power. A ciki Ismael Cruz Córdova, mutumin Puerto Rico, ya fito a matsayin ɗaya daga cikin halittun nan masu tsawon rai da ake kira Elf; Sophia Nomvete ta fito a matsayin gimbiyar wadanni mahaƙa duwatsu; Lenny Henry kuma ya zama dattijon kakannin Hobbit. Dukansu baƙaƙe ne. Tun kafin a ga kashi na farko zagi ya fara sauka a kansu ta intanet, har ta kai 'yan wasan suka fitar da sanarwa ta haɗin gwiwa suna Allah wadai da cin mutuncin da ake wa abokan aikinsu.

To, adalci ya wajabta mu saurari masu ƙorafi, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda kukansu na adabi ne zalla. Sun ce masu shirya wasan sun dunƙule tarihin dubban shekaru cikin rayuwar mutum guda, sun kuma ƙago abubuwan da Tolkien bai rubuta ba. Wannan suka ce mai tushe, wanda ya yi ta kuma bai cancanci a kira shi mai wariya ba. Akwai kuma masu cewa Tolkien ya gina duniyarsa ne a kan tsofaffin tatsuniyoyin arewacin Turai, suna kafa hujja da wasiƙar da ya rubuta wa Milton Waldman a 1951, inda ya faɗi cewa ya taɓa burin tsara almara ya sadaukar da ita ga Ingila. Gaskiya ne ya faɗi haka. Amma a cikin wasiƙar nan dai ya nuna cewa burin nasa ya haɗa da barin fili ga wasu masu fasaha su ƙara da zane da kiɗa da wasan kwaikwayo. Har wa yau, a gabatarwar littafinsa ya siffanta zuriyar Harfoot, wadda Lenny Henry ya fito daga cikinta, da cewa fatarsu ta fi ta sauran Hobbit duhu. Wanda zai kafa hujja da marubuci, sai ya karanta shi har ƙarshen shafi.

Misali na biyu ya fi nuna inda gizo ke saƙa. A 2023 kamfanin Disney ya fitar da sabon fim na The Little Mermaid, labarin 'yar ruwa da ta so ɗan sarki, aka ba mawaƙiya Halle Bailey babban matsayi. Nan ma aka yi ca, wai an ɓata labarin asali. Wane asali ke nan? Hans Christian Andersen, mutumin Denmak, shi ya wallafa labarin a 1837, kuma a wurinsa yarinyar ba ta auri ɗan sarki ba. Wata ya aura, ita kuwa ta faɗa teku jikinta ya narke ya zama kumfa. Fim ɗin zane na 1989 ne ya sauya ƙarshen ya ɗaura musu aure. Ashe abin da ake karewa da sunan asali shi kansa sauyi ne, kuma sauyin da ya juya ma'anar labarin gaba ɗaya. An haɗiye wannan ba tare da ko tari ba, sai launin fata ne ya tsaya a wuya. Haka aka yi a Landan a 2016 sa'ad da Noma Dumezweni ta fito a matsayin Hermione a wasan dandali na Harry Potter, alhali marubuciyar da kanta, J.K. Rowling, ta goyi bayan zaɓen. Shekara ta zagayo Dumezweni ta karɓi lambar yabo ta Olivier saboda wannan aiki.

Yanzu sai mu juya tabarmar mu duba ɗaya gefen. A 1968 Ursula K. Le Guin ta Amurka ta fitar da A Wizard of Earthsea, ta kuma yi gwarzon labarin, Ged, da fata mai duhu ja-ja, mafi yawan mutanen duniyar tata ma haka, da gangan. A 2004 aka mai da littafin wasan talabijin aka ba farin saurayi matsayin Ged. Marubuciyar tana raye, ta rubuta maƙala ta yi tir da abin da aka yi. Sai kuma fim ɗin The Hunger Games na 2012. Suzanne Collins ta rubuta ƙarara cewa yarinyar nan Rue tana da fata mai duhu, masu fim suka bi littafi sau da ƙafa suka ɗauki Amandla Stenberg, amma duk da haka wasu masu kallo suka hau Twitter suna fushi. A nan babu abin da aka sauya. Idonsu ne ya tsallake abin da ke rubuce, saboda sun saba duk wanda zuciya za ta tausaya wa a labari fari ne. Sabo kuwa, in ji Hausawa, turken wawa.

Jama'a, ga ma'aunin da nake ganin ya dace. A kowane labari akwai ginshiƙi, akwai kuma ado. Idan launin mutum ko asalinsa yana ɗauke da nauyin labarin, taɓa shi rushe gini ne. Ku ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mai da fim a 1976: labari ne na bauta da ƙetare hamada, da an ba Bature matsayin Umar da ba sauran labari. Haka Ged yake, tunda mai littafin ta ce da niyya ta yi. Amma idan launin bai riƙe komai ba, sauya shi bai fi sauya riga ba. Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da wasu wurare, ya sa musu riga da rawani, ya ɗora su a bakin aku cikin Magana Jari Ce, ba mu kuwa taɓa jin an ce ya ci amanar kowa ba. Abin da muka duba shi ne gwanintar ɗinkin.

Kamfanonin nan ma kada mu ɗauke su waliyyai. 'Yan kasuwa ne, sun lura masu sayen tikiti sun haɗa da kowane launi. Wani lokaci sukan sa baƙin ɗan wasa a gaba, in aiki ya yi rauni su fake da cewa duk mai suka ɗan wariya ne, su bar shi shi kaɗai yana shan jifa. Wannan ma zalunci ne, ga ɗan wasan da kuma ga mai suka na gaskiya.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk sa'ad da kuka ji wani yana kukan an ɓata masa littafi, ku tambaye shi abu biyu. Me sauyin ya rushe a cikin labarin? Kuma da aka mai da Ged fari, ya yi irin wannan kuka? In ya amsa duka biyu da gaskiya, abokin muhawara ne, ku zauna da shi. In kuwa mudunsa na saye daban ne da na sayarwa, to kun san ba littafi yake karewa ba. Ku da za ku zama malamai da marubuta da ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin, wata rana littafin wani zai zo hannunku a ce ku mai da shi wasa, kuma da mudun da kuka auna wa wasu za a auna muku.