Kafin ka koya wa yaro harshe, san inda ya fito



Ƴan uwa matasa, da yawa cikinku kan koya wa ƙannenmu Larabci ko Faransanci lokacin babban hutu. Kun sha ganin wannan: darasi ɗaya, malami ɗaya, amma wani ya kama, wani ya tashi hannu rabbana. Sai mu ce na biyun ba ya da kai. To, mu bi a hankali.

Ku ɗauki yara biyu a ajin Larabci. Na farko ɗan makarantar allo ne. Bakinsa ya faɗa da haruffa, yana da hadda, amma ya saba da ƙira'ar Warshu da rubutunmu na allo, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ka miƙa mishi littafi bugun Masar, fa ɗin littafin sai ya karanta shi ƙaf. Kuma yakan karanta shafi sumul ba tare da ya san ma'ana ba. Na biyu ɗan lakwal ne. Ya san mene ne aikatau, ya iya kwafar darasi, amma rubutu daga dama zuwa hagu baƙo ne gare shi, "ain" da "hamza" duk ɗaya yake jin su. Maganin wannan ba ya yi wa wancan. Balle yaron da Zabarmanci ko Fulatanci ake yi a gidansu, kai kuwa kana bayani da Hausa.

Sai wurin karatun. Ajin zana sau da yawa sai bayan girbi ake kafa shi, an riga an yi asarar makonni. In yara tamanin ne a aji, darasi awa ɗaya, kowane yaro bai samun ko minti guda na magana. Harshe kuwa da baki ake koyonsa.

Magabatanmu sun lura da wannan. An buɗe madarasa ta farko mai haɗa Faransanci da Larabci a Say a 1957. A 1973 aka fara makarantar gwaji a Damagaram, inda yaro ke soma karatu da harshen gida kafin Faransanci.

Saboda haka, ranar farko kar ku buɗe littafi. Ku tambayi kowane yaro: ina ka yi karatu, wane harshe ake yi a gidanku? Ku zaunar da ɗan allo kusa da ɗan lakwal, wannan ya gyara wa wancan baki, wancan ya nuna mishi ƙa'ida. Ku raba su biyar biyar, kowa ya yi magana. Kuma don Allah, kar a yi wa yaro dariya in ya yi kuskure. Wanda aka kunyata yau, gobe ba za ku gan shi ba.