Gidajen 'yan kwana-kwana da lungunan Arras

Yau maganar gidaje za mu yi, amma ba gidajen manya ba.

A unguwar West Hampstead ta birnin Landan akwai tashar 'yan kwana-kwana da aka gina a 1901. A bayanta aka jera wa ma'aikatan da iyalansu 'yan ƙananan gidaje, don in ƙararrawa ta kaɗa da tsakar dare, mutum yana fitowa ɗaki ya tarar da kayan aiki a ƙofa. Yanzu doka ta sa gidajen nan cikin kayan tarihi. Ba mai rushe su ko sauya musu kama sai da izinin hukuma.

To, mu dawo gida Kwaddibuwa. Nan in aka ce ginin tarihi, sai a tuna Grand-Bassam, da UNESCO ta sa a jerinta a 2012, ko tsoffin masallatan ƙasa na arewa da suka shiga a 2021. Madalla. Amma rukunin gidajen ƙananan ma'aikata fa, irin na Arras a Treichville da 220 Logements a Adjamé? Ai su ma tarihi ne. Kuma wanda ya zana su bai bar fili tsakanin gini da gini don ado ba. Hanyar iska ce, hanyar ruwa, hanyar mota.

Yau kuwa wannan ya ƙara ɗaki a ƙofar gida, wancan ya kafa rumfa, mai gareji ya jera matattun motoci. Ban ga laifin mai neman abinci ba, haya ta yi tsada a Abijan, kuma 'yan'uwanmu na cikin masu rumfunan. Sai dai ran da wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, sojojin kashe gobara na GSPM, rundunar da aka kafa a 1974, za su baro barikinsu na Indénié da gudu, su iso bakin lungu su tsaya cik. Daga nan sai jan tiyo da ƙafa, wuta kuwa tana ci. Dattawan da suka ga gobarar babbar kasuwar Treichville a 1997, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Don haka, shugabannin unguwa da sarakunan Hausawa, ranku ya daɗe, kafin mu roƙi hukuma ta kare tsoffin gidajen nan, a bi lungu-lungu a duba inda motar kashe gobara ba za ta iya wucewa ba, a zauna da mai rumfar cikin mutunci ya ja ta baya. Lambar 'yan kwana-kwana kuma 180 ce, a rubuta ta a bangon shago inda yaro ma zai gani.