Jawabi ga Rassan Jam'iyya na Rumbu a Kan Yaƙi da Jahilci

'Yan'uwa shugabannin rassa, maza da mata, mun gode da kuka baro gida da dabbobi kuka zo.

Abin da ya tara mu yau shi ne karatun manya. Nijar ta samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, amma talakan da ke dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, har gobe linzaminsa yana hannun wani. Ku dubi kasuwar Sakabal. Mutum ya sayar da bijimi, dillali ya rubuta, shi kuwa sai kallo. Ɗansa ya aiko saƙo ta waya daga Agadas ko Libiya, sai ya kai wa yaron maƙwabci ya karanta masa, asirin gida ya fita waje.

Haruffa ba su ne matsalarmu ba. Tun 1966 aka zauna a Bamako aka daidaita yadda za a rubuta Hausa da Fillanci da Tamashek da boko. Masu koyarwa ma muna da su. Abin da ke kashe aji shi ne a bar malami shi kaɗai. Kun sha gani: a buɗe da kiɗa da guɗa bayan girbi, wata guda alli ya ƙare, fitila ta mutu, malami ya tafi cin rani, shi ke nan. A Nijeriya ta Arewa, lokacin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, Zariya na buga littattafai, amma sai da aka sa masu zagaya azuzuwa suna duba malamai.

Don haka kowane reshe ya fitar da mutum ɗaya mai kula da malamai. Ba albashi, mu faɗa tun yanzu. Kada a zaɓi mai yawan jawabi irina, a zaɓi mai ƙafa da haƙuri. Shi zai rubuta sunan duk wanda ya iya karatu a garinsu, ko yaron da ya bar lakwal ne, ko malamin allo mai ajami. Ya sa biyu biyu a kowane aji, in ɗaya ya yi tafiya ɗaya na nan. Kowane mako ya leƙa, ya ƙidaya waɗanda suka zo, wanda ya daina zuwa ya bi shi gida ya ji dalili. Ran kasuwa ya tara malaman, kuɗin alli da batir su fito daga asusun reshe.

Mata kuwa mace za ta koya musu, da la'asar, bayan an dawo daga rijiya. Fulani da Buzaye a same su tun suna kusa, kafin ruwa ya sauka su yi arewa. Kuma kada a tambayi kowa katin jam'iyya a bakin aji.

A kawo wa sakatare sunayen kafin kasuwa mai zuwa.