Na'urar Leƙa Maƙoshi da Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

 

Mu ba likitoci ba ne, alli da allo muka sani. Sai dai duk wanda ya daɗe yana zaman makoki a garuruwanmu ya saba jin wani zance guda: marigayin ya fara da kasa haɗiye nama, daga nan tuwo ya gagare shi, ya koma fura da kunu, a ƙarshe ko ruwa ba ya wucewa. Kafin a kai ga asibiti an riga an je wurin wanzami ya cire beli, an sha jiƙe-jiƙe, wasu ma sun ce sammu ne. Wannan ya sa muka zaɓi yin magana a kan maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi daga baki zuwa ciki, wadda tsawonta bai wuce kimanin santimita 25 ba.

An daɗe ana neman dabarar ganin cikinsa. A shekarar 1868 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya zura bututun ƙarfe a maƙoshin wani ɗan wasa mai haɗiye takobi. Sai a 1957 Basil Hirschowitz ya fito da bututu mai lanƙwasa a Jami'ar Michigan ta Amurka, kuma a kansa ya fara gwadawa. Yau na'urar siririya ce kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinta, likita na kallon komai a allon talabijin. Majinyaci zai bar cin abinci na wasu sa'o'i, a fesa masa maganin kashe zafi a wuya, aikin kan ƙare cikin 'yan mintoci. Ba a tsaga kowa, a gaya wa tsofaffinmu haka.

Sabon abin shi ne yadda aka ƙara wa idon likita kaifi. Ciwon daji idan yana farawa shafe yake da fata, farin haske kan wuce shi bai nuna ba. Masana a Japan suka lura cewa jini na shanye haske shuɗi da kore, sai suka ƙera na'urar da ke haska waɗannan launuka biyu kawai. Nan take ƙananan jijiyoyin jini ke fitowa ɓaro-ɓaro, inda suka murɗe ko suka kumbura kuwa nan likita zai tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Akwai kuma dabara mai araha: a fesa ruwan aidin a bangon maƙoshi, lafiyayyen wuri ya rine ya yi ja-ja-baƙi, mai cuta ya tsaya fari. Da ita aka yi ta tantance manoma a yankin Linxian na ƙasar Sin, mutanen karkara irinmu. A Kambirij ta Ingila kuma an ƙirƙiro ƙwaya mai zare da soso a ciki, a haɗiye, a jawo, ta kwaso ƙwayoyin fata don gwaji.

Me ya sa wannan ya dame mu? Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta 2022 ta nuna mutum fiye da 500,000 sun kamu da dajin maƙoshi a shekarar, fiye da 400,000 suka rasu. Kusancin alƙaluman biyu ya isa ya nuna cewa ana gano shi ne bayan ya yi nisa. Ita dai hukumar ce ta ce a 2016 abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 yana iya jawo shi. Masu kurɓar shayi da koko yana turiri, da masu taba da giya, sai a kula.

Amma ba daji kaɗai ba ne, kuma a ganinmu abu biyu sun fi kusa da ƙofarmu. Na farko aman jini. Wanda ciwon hanta ya ci, ko tsutsar ruwa da ake ɗauka a fadama da gulbi ta lalata masa hanta, jijiyoyin maƙoshinsa kan kumbura har su fashe. Da wannan na'ura ake ganinsu, da ita kuma ake ɗaure su da ɗan zoben roba kafin su fashe. Na biyu sodar yin sabulu. Iyayenmu mata kan jiƙa ta a robar ruwan sha, yaro ya zo da ƙishi ya kurɓa, maƙoshi ya ƙone, bayan 'yan makonni ya tsuke. Wannan rigakafinsa ko kwabo ba ya ci.

Ana yin gwajin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya. Matsalarmu isa can. Kowa a nan ya san yadda 'yan bindiga suka mayar da hanyoyinmu, ya san kuma yadda aka ƙone matafiya a mota a yankinmu cikin Disambar 2021. Manomin da aka hana noma, da me zai biya mota da masauki da gwaji?

Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta ware wani kaso na kuɗin shekara don jigilar irin waɗannan majinyata. 'Ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya su ba sakatare sunayensu, domin a san wanda za a kira. Mazauna Sakkwato su amince su sauki baƙo kwana biyu ko uku. Idan kuma kun kira gida aka ce baba tuwo na tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa, ko ƙwarnafi ya ƙi jin magani, kada ku tsaya ga aika kuɗin magani. Ku sa a kawo muku shi a makon.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya.