Farfaɗiya, Wuƙar Likita da Mantuwa



Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya. Magani yana riƙe mafi yawansu, amma kusan ɗaya cikin uku sai a yi ta sauya musu ƙwayoyi, ciwo yana nan daram. Cikin waɗannan ne ake zaɓar wasu a yi musu tiyata, a cire ɗan yankin ƙwaƙwalwar da ciwon ke tasowa. Inda gizo ke saƙar shi ne, a manya yankin nan yakan faɗo a sashen da ke saitin kunne, kuma a can ciki ne hifokamfos yake, wanda aikinsa adana abin da ya faru yau domin a tuna shi gobe. Kowa yana da biyu, na dama da na hagu.

A kan wani bawan Allah aka koyi wannan. A 1953, a garin Hartford na Amurka, likita William Scoville ya yi wa Henry Molaison, saurayi ɗan shekara 27, tiyata a ɓangarorin biyu lokaci guda. Farfaɗiyar ta lafa. Amma daga nan har rasuwarsa a 2008, sabon abu ya daina zama a kansa. Ku gaisa, ku yi hira mai ma'ana, ka fita ka dawo, ya tarbe ka tarbar baƙo. Alhali hankalinsa garau, kuma yana tuna yarintarsa.

Brenda Milner, masaniyar halayyar ƙwaƙwalwa daga Montreal ta Kanada, ta ba shi fensir da hoton tauraro mai layi biyu, ta ce ya bi tsakanin layukan yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Ku jarraba in kun koma gida, za ku ga yadda hannu ke bijire wa mai shi. Kwana uku ana yi, kurakuransa suna ta raguwa, shi kuwa bai tuna ya taɓa yin aikin ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba.

A Montreal ɗin kuma, likita Wilder Penfield ya sami majiyyata biyu da aka yi wa aiki a hagu kaɗai, amma mantuwa mai tsanani ta kama su. Da ɗayansu ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, ashe hifokamfos ɗinsa na dama ya daɗe da ƙanjamewa. Daga nan ƙa'ida ta kafu: ba a taɓa ɗaya sai an tabbatar ɗayan zai ɗauki nauyi. Gwajin da likitan Jafan Juhn Wada ya ƙirƙiro aka ɗauko don haka. Ana tura maganin barci ta jijiyar wuya, rabin ƙwaƙwalwa ya kwanta na 'yan mintoci, hannun ɗaya gefen ya faɗi yaraf. A wannan ɗan tsakanin ake nuna wa mutum abubuwa, in maganin ya sake shi a tambaye shi me ya gani. Yau hoton MRI ya rage buƙatar wannan gwaji a asibitoci da yawa.

Irin mantuwar Molaison yanzu da wuya a gan ta. Abin da ake gani ya fi sauƙi, amma yana da yawa. Wani nazari na 2011 da ya tattara binciken da aka yi a baya ya nuna cewa kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki a hagu, riƙon kalmominsu ya ragu. A dama kuwa kashi 20. Dalili, yawancin mutane harshensu a hagu yake. Sai ka ga mutum ya san abu sarai, sunan ya maƙale masa a baki.

Wa ya fi shiga haɗari? Wanda kansa ke ja kafin tiyata, kuma hoto ya nuna hifokamfos ɗinsa bai lalace ba. Wanda ciwo ya riga ya cinye masa wurin tun yana yaro, abin da zai rasa kaɗan ne. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a yi wa ɗalibin da ke tsakiyar hadda da wanda aikinsa na hannu ne shawara iri ɗaya.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa na hana tiyata. A gwajin da aka yi a Kanada kan majiyyata 80, aka buga a 2001, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun rabu da farfaɗiya mai gusar da hankali a shekarar farko, masu shan magani kaɗai kuwa kashi 8. Ita kanta farfaɗiyar da aka bari tana cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ga faɗawa wuta ko ruwa, ga mutuwar fuju'a.

Mutanenmu da ke da hali sukan nufi Indiya ko Masar neman wannan aiki. Gwajin riƙon kalmomi da ake yi kafin tiyata kuwa da harshe ake yinsa, a karanto maka jerin kalmomi ka maimaita. In aka gwada Bahaushe da Turancin da bai ƙware ba, makinsa zai faɗi, a ɗauka ba shi da abin asara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyalai, kafin ku sa hannu ku tambayi likita wane gefe za a yanka, me hoto ya nuna, kuma da wane harshe aka yi gwajin. Ku kuma malaman sashen Hausa da na likitanci da ke zaune a nan, ku haɗa kai ku samar mana da wannan gwaji cikin Hausa.