Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Matasan da Suka Koyi Aikin Lantarki da Sola a Muchalla



Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara muku girma. Limamai da fastoci, shugaban taro, malaman da suka sha ɗawainiyar koyar da yaran nan, iyayenmu maza da mata, baƙinmu da suka taso daga Vimtim da Bahuli da Mijilu da cikin garin Mubi, sai kuma ku 'ya'yana da ake yayewa yau: barkanmu da warhaka, barkanmu da ganin wannan rana.

An ce in yi magana ne saboda na tsufa a aikin wuta. To, abin da na sani shi zan faɗa, kuma zan faɗe shi yadda yake, ko da wani ɓangarensa bai yi wa kunne daɗi a ranar biki ba.

Mu fara da sanin inda wutar take fitowa, domin wanda zai yi aiki a kan waya ya kamata ya san tafiyar da abin da ke cikinta ya yi. Wutar da ke kunna ƙwai a ƙasar Mubi daga nesa take: daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro, ko daga tashoshin iskar gas na kudu. Babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 ne ke ɗauko ta, ta biyo ta Jos, ta sauka Gombe, ta wuce Yola. Daga nan ake ta rage mata ƙarfi mataki-mataki, 132, 33, 11, har taransifomar unguwa ta mayar da ita abin da gida zai iya ɗauka. Mu a nan a wutsiyar layi muke. Duk inda waya ta yi tsawo fiye da ƙima, wuta takan iso a gajiye, shi ya sa za ka ga ƙwai ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar, injin niƙa ya yi ta gurnani ya ƙi tashi. An daɗe ana maganar layin 132 da zai taso daga Yola ya bi ta Song da Gombi ya iso Mubi har Gulak. Ranka ya daɗe, muna roƙon ku ci gaba da tuna wa hukuma wannan magana. Ga shi kuma abin da ƙasar gaba ɗaya ke rabawa bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutum sama da miliyan 200.

Doguwar tafiya kuwa ba ta rasa haɗari. A watan Janairun 2021 aka tarwatsa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, babban birni guda ya yi wata da watanni cikin duhu, har sai da aka gina masa tashar gas ta megawat 50 da aka buɗe a 2023. A watan Afrilun 2024 ɓarayi suka kayar da turaku a layin Jos zuwa Gombe, mu ma nan muka ɗanɗana kuɗarmu. A watan Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta yi sama da mako ba wuta. Kowane karo ana ta surutu a rediyo, ana zargin wannan ana zargin wancan. Amma ba surutun ne ya dawo da wutar ba. Wasu mutane ne suka shiga daji da igiya da sifana, suka kwana a can, suka hau ƙarfe mai tsayin bene da yawa suka ɗaura waya. Ba a faɗi sunan ko ɗayansu a labarai ba.

Irin waɗannan mutane nake so mu yi magana a kansu, domin su ne suke ƙarewa.

A 1972 aka kafa NEPA, a 2005 ta koma PHCN, a ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta 10 daga cikin 11 ga 'yan kasuwa. A wannan sauyi an biya ma'aikata sama da dubu 40 kuɗin sallama. An sake ɗaukar wasu, da yawa kuwa gida suka koma. Ba na cewa tsohon tsari yana da kyau, duk wanda ya rayu a zamanin NEPA ya san halinta. Abin da nake cewa shi ne, da yawan sanin aikin nan ba a takarda yake ba, a kan mutane yake. Akwai dattijon da ya san inda kowace waya ta bi a ƙarƙashin ƙasa ba tare da taswira ba. Akwai wanda in ya tsaya gindin taransifoma ya saurari kukanta, zai ce maka an yi mata lodi ya wuce, ko manta ya yi ƙasa. Da suka tafi, da saninsu suka tafi, kuma ba wanda ya zaunar da su ya rubuta.

Namu yankin kuwa abin ya zo masa biyu. Kamfanin Yola, wanda ke kula da Adamawa da Borno da Taraba da Yobe, ya faɗa tsakiyar rikici. Ba sai na tuna wa kowa a nan abin da ya faru a ƙarshen Oktoban 2014 ba, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, jama'a suka watse, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. A 2015 wanda ya sayi kamfanin ya mayar wa gwamnati da shi, sai a farkon 2022 aka sake miƙa shi ga wani mai zuba jari. Shekarun da ya kamata a ce ana ɗaukar matasa ana horar da su, a gudun ceton rai da gyaran ɓarna suka ƙare. Wannan giɓin ne ku za ku shiga.

Sai dai aikin da za ku tarar ba shi ne wanda muka bari ba. A zamaninmu filaya da testa da tsani sun kusa isar mutum. Yanzu fa? Ku ɗauki mitar kati. Lambobi 20 ɗin nan da ake saya a danna, a cikinsu akwai lissafin lokaci, ana ƙirga mintoci tun daga farkon shekarar 1993. Ma'ajin wannan ƙirga yana da iyaka, kuma ya cika a ranar 24 ga Nuwamban 2024. Shi ya sa aka bi mutane da wasu lambobi na musamman su danna don sabunta mitarsu, wanda bai yi ba kuwa mitarsa ta daina karɓar sabon kati. Mutane da yawa sun ɗauka mitar ce ta lalace, wasu har suka kira mai gyara ya ɓalle ta. Mitar lafiyarta lau. Mai gyaran ne bai san abin da ke cikinta ba. Ma'aikacin wuta na yau sai ya haɗa hannu da karatu, ya iya karanta allon inbata, ya iya bin takardar bayanin na'ura, ya iya lissafi.

Maganar lissafi ta kawo ni kan sola, inda nake ganin yawancinku za ku ci abinci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya zama na mai hali, kowa ya juya ga rana. To, wani zai zo maka da faranti ɗaya mai wat 300 da batir ɗaya, ya ce yana son firji da talabijin da dutsen guga. Ka zauna da shi ka buga masa lissafi a gabansa. In rana ta ba da awa biyar masu ƙarfi, farantin nan wat-awa 1,500 zai tara a takarda, kuma zafi da ƙura da waya za su ci nasu kason kafin ya kai batir. Dutsen guga kaɗai yana iya shanye wannan cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Ka gaya masa gaskiya ko da zai fasa ba ka aikin. In ka haɗa masa don ka karɓi kuɗi, wata uku batir ya mutu, ba sunanka kaɗai ka ɓata ba, ka sa duk unguwar ta ce sola ƙarya ce.

Ku zaga ƙauyukanmu ku ƙirga fitilun titi na sola da suka mutu, da famfunan burtsatse da suka tsaya, da firjin ajiye allurar rigakafi da ya zama ma'ajin takardu. An kawo su da kiɗa da jawabi, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya koma birni. In ka buɗe, sau da yawa ba wata babbar cuta ba ce. Ƙurar hunturu ce ta rufe faranti ba mai gogewa, ko kan batir ya yi tsatsa, ko fis ya ƙone, ko ɓera ya ci waya. Aikin rabin yini ne, amma sai abu ya shekara a mace saboda mai gyara yana Yola. Ni a ganina wannan ita ce babbar matsalar wuta a karkara, ta fi rashin kayan ma. Kaya suna zuwa. Mai kula da su a kusa ne babu.

Dokar Lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi da 'yan kasuwa ƙofar samar da wuta da rarraba ta, kuma Hukumar Samar da Lantarki a Karkara tana tallafa wa ƙananan tashoshin sola da ke ciyar da gari ɗaya ko biyu. Ga garuruwan gindin dutse irin namu, ina kyautata zaton wannan hanya za ta riga babban layi isowa. In ta iso, wa zai riƙe ta?

Yanzu ku ba ni kunnuwanku duka, 'ya'yana, don wannan maganar rai ce. An koya muku ƙa'ida: a kashe layi, a tabbatar an kashe, a gwada da testa, a ɗaure wayar da ƙasa, sannan a taɓa. Kada ku tsallake ko ɗaya, ko da wanda ya girme ku a aiki ya ce ku yi sauri. Da can in an kashe daga tasha, an gama. Yanzu kusan kowane layi akwai mai janareta ko inbata a kansa. Mutum ɗaya ya haɗa nasa ba tare da makunnin sauya layi ba, wutarsa za ta koma kan wayar gari, ta shiga taransifoma ta baya, ta fito da ƙarfin dubbai. Kai kana kan falwaya, ofis sun ce maka an ɗauke wuta, kuma gaskiya suka faɗa, amma wayar da ke gaban fuskarka a raye take. Na halarci jana'izar da wannan ya jawo. Don haka duk gidan da kuka sa wa inbata, ku sa makunnin nan, in mai gida ya ce ba shi da kuɗinsa ku tattara kayanku ku tafi. Hular kwano da safar roba da ɗamarar hawa kuwa ba ado ba ne, kuma "in kwana ya ƙare" ba hujja ba ce ta barin su a gida.

Akwai kuma wanda zai same ku da dare ya ce, "Ɗan jona mini ta bayan mita mana, zan ga bayanka da alheri." Na san dalilinsa. Kusan rabin masu amfani da wuta a ƙasar nan ba su da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo musu, wani lokaci na watan da ba su ga wuta ba, kuma wannan zalunci ne da ya kamata kamfanoni su daina. Amma jonin sata ba ya rama wa kowa. Shi ke ɗora wa taransifoma nauyin da ba a lissafa ba har ta ƙone, sai unguwa ta koma karo-karo. Wanda ke kwance wa taransifoma mai da jan ƙarfe da dare ma ba daga sama ya faɗo ba, sai wanda ya san inda zai taɓa. Kada hannun da aka horar a nan ya shiga ciki.

Iyayena, saura ku. Yaran nan za su tafi Yola da Abuja da Legas in ba su samu abin kai wa baki a gida ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. Mu ne muke korarsu. Baƙo ya zo gyara mu biya shi har da kuɗin mota, namu ya yi wanda ya fi shi mu ce ai ɗanmu ne, Allah ya yi albarka. Albarka muna so, amma ba ta sayen fis. Kowace unguwa mai burtsatse ko fitilar sola ta ware ɗan abin da za a riƙa ba wanda zai duba su duk wata, a rubuta, a san wanda ke riƙe da kuɗin. 'Yan matan da ke cikin waɗannan ɗalibai kuma a bar su su yi aikinsu. Akwai gidajen da namiji baƙo ba zai shiga ba sai mai gida yana nan, su kuwa za su shiga da rana tsaka su gyara su fito.

Ina da roƙo ga manyan makarantunmu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Mubi tun 1982, Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002. Ku buɗe wa irin waɗannan yara gajerun kwasa-kwasai, ku bar su su taɓa kayan ɗakin gwaji. Ku nemo tsofaffin ma'aikatan layi da ke zaune a gida, ku ba su aji ko da sau ɗaya a mako, tun suna da ƙarfin magana. Kamfanin rarraba wuta kuma ya ɗauki wasu su bi ma'aikatansa aiki. Ku kuma ɗalibai, takardar yau mafari ce. Ku nemi lasisin hukumar NEMSA, wadda ke tantance masu haɗa wuta, wanda ya samu hali kuma ya nemi horon cibiyar NAPTIN da gwamnati ta kafa a 2009.

Malamai, sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. 'Ya'yana, Allah ya tsare ku a kan aiki, ya sa ku ci halalinku. Baƙinmu, Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Ranka ya daɗe, da izininka za a fara kiran suna. Wanda ya ji nasa ya fito ta hannun dama, ya karɓi takardarsa daga hannun Hakimi, sannan ya wuce teburin can ya sa hannu ya ɗauki akwatin kayan aikinsa.