BINDIGA DA DOKA: JAWABI GA 'YAN AREWA MAZAUNA KURMI

Jama'a, a watan Fabrairu na 2021 Gwamna Bala Mohammed ya faɗa a birnin Bauchi cewa makiyayin da aka sace wa shanu, hukuma ba ta kare shi ba, bai yi laifi ba don ya rataya AK-47. Maganar ta tayar da ƙura har Kurmi.

To, amma bakin gwamna ba lasisi ba ne. Tsarin Mulki ya ajiye sha'anin makamai a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai, Majalisar Dokokin Bauchi ba ta da ikon taɓa shi. Bisa Dokar Makamai ta 1959, bindigar yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, ta farauta mai harsashi kuwa sai Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ya yarda.

Abin da ke hannun jiha shi ne dokar kare kai. Final Kod ta yarje wa mutum ya kare ransa da dukiyarsa, muddin bai wuce gwargwadon bukata ba. Sai dai ba ta aiki a Ikko ko Badun, dokar can ce za ta yi wa baƙo shari'a. Ko kotu ta wanke shi a kan harbin, tuhumar riƙe bindiga ba lasisi tana nan tana jiransa.